Hukuncin Sayen Tsohuwar Motar Iyali Wadda Aka San Aibinta

Daga cikin mas'alolin da kan hana magidanci barci a wannan zamani, bayan ta abinci da ta kuɗin makaranta da ta hayar gida, akwai mas'alar abin hawa, musamman ga mutumin da Allah ya albarkaci gidansa da zuriya, har ya kai matsayin da in za a tafi gaisuwar Salla ko ɗaurin aure ko ta'aziyya a garinsu, tilas ya raba iyalinsa gida biyu, ya ɗauki rabi a ƙaramar motarsa, ya kai sauran tasha ya danƙa su ga direban da bai san halinsa ba. Irin wannan mutum, duk ranar da doguwar mota mai kujeru bakwai ko takwas ta wuce shi a kan titi, zuciyarsa kan raya masa cewa ga maganin damuwarsa nan. Amma da zarar ya furta wannan buri a majalisa sai mashawarta su sha bamban, waɗansu su ce ya saya ko gobe, waɗansu kuwa su rantse masa cewa wane ya sayi irinta ta cinye masa jari, wane kuma tasa tana nan jingine a gareji shekara da shekaru, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.

Tun da fari bari in faɗi inda na tsaya, don kada in ja mai karatu da nisa bai san inda aka nufa ba. Ni dai ina ganin jin an ce mota tana da aibi bai isa hujjar fasa ciniki ba, domin tsohuwar mota marar aibi ba a yi ta ba tukuna, wanda kuwa ya ce sai ya sami irin wannan zai saya, to ya shirya tafiya a ƙasa har tsufansa. Abin da ya wajaba ga mai hankali shi ne ya yi tafsili, ya raba aibi kashi-kashi yadda malaman fiƙihu suka saba yi a babin ciniki: akwai aibin da ke cin aljihu, akwai wanda ke cin rai, akwai bayyananne wanda mai saye ya gani ya yarda, akwai kuma ɓoyayye wanda aka lulluɓe da fenti da daɗin baki. Mai cin aljihu, in bayyananne ne, ana iya jure masa bisa sharuɗɗa. Mai cin rai da ɓoyayye kuwa, babu rahusar da ta isa ta halatta wa magidanci ya zuba 'ya'yansa a cikin motar da ke ɗauke da irin wannan aibi.

Ya kyautu a tuna yadda aka yi muka wayi gari tsofaffin motocin waɗansu su ne sababbinmu. Dattawa ba su manta da zamanin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975 ba, lokacin da ma'aikaci mai matsakaicin muƙami kan karɓi rancen mota ya fito da 504 sabuwa dal, doguwarta mai layin kujeru uku kuma ta zama motar iyali da ta haya da ta ɗaukar marar lafiya duka a lokaci guda. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, aka kawo shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta zube, sai sabuwar mota ta gagari ma'aikaci balle talaka, fatake suka juya akalarsu zuwa Turai, inda ake tara tsofaffin motoci a unguwar Heyvaert ta birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, a loda su a jirgin ruwa a Antwerp, a sauke a Kwatano, daga nan su biyo ta Gaya da Birnin Ƙonni da Maraɗi su shigo mana. A farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu. A 2022 aka fara ƙiyasta kuɗin fito bisa lambar shasi, aka kuma rage shekarun motar da aka yarda a shigo da ita daga 15 zuwa 12. A 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Natijar wannan duka ita ce, magidancin da a da yake iya sayen 'yar Beljiyam, yanzu galibi ƙarfinsa bai wuce wadda aka riga aka mora a nan gida ba, wadda ta ratsa hannu uku ko huɗu, kowane hannu kuwa ya bar mata tabonsa.

Motoci biyu ne aka fi ja-in-ja a kansu a majalisunmu. Ta farko ita ce Volkswagen Sharan, wadda 'yan tasha ke kira Sharon, wadda aka fara ƙerawa a 1995 a garin Palmela na ƙasar Fotugal, a masana'antar da Volkswagen da Ford suka yi tarayya wajen kafawa, shi ya sa ita da Ford Galaxy ta farko da Seat Alhambra suka fito da ƙira ɗaya, kayan gyaran wannan da dama suna shiga waccan. Aibobinta sanannu ne ga duk wanda ya zauna da ita: wayoyin lantarkin da suka ratsa ta mahaɗar ƙofofi da ta but sukan karye saboda yawan buɗewa da rufewa, gilashi ya ƙi sauka, makulli ya ƙi kamawa, magudanar ruwan da ke ƙarƙashin gilashin gaba in ta toshe da ganye da ƙura, sai ruwan damina ya malalo cikin mota ya jiƙa na'urar lantarkin da ke ƙarƙashin kujera, mahaɗan ruwan inji na roba sukan bushe su tsage, giyarta mai sarrafa kanta ba ta da juriyar ta hannu, injinta na 1.8 mai turbo da na dizal kuwa da bel suke tafiya, ranar da bel ɗin tayimin ya tsinke ana cikin gudu, fistin da bawul su yi karo, gyaran da aka yi wa rowar kuɗi kaɗan ya koma sauke inji.

Ta biyu ita ce Toyota Sienna, wadda aka fara ƙerawa a Amurka a 1997, wadda kuma jama'a suka ɗora wa kyakkyawan zato har waɗansu suka kusa iƙirarin cewa ma'asumiya ce. Haƙiƙa mota ce mai ƙarko, amma ita ma tana da nata littafin laifuffuka. Injin ƙirar farko, mai silinda shida da girman lita 3.0, ya yi suna wajen daskarar da baƙin mai ya zama dagwalo idan aka yi jinkirin juye shi. Ƙirar 2004 zuwa 2006 da bel take tafiya, wanda kamfanin ya ƙayyade a canza shi a mil 90,000. A farkon injin lita 3.5 da ya zo a 2007 akwai wani bututun baƙin mai mai gaɓar roba wanda kan fashe ya tsiyayar da man ana tafe, har daga baya aka maye gurbinsa da na ƙarfe zalla. Igiyar ƙofarta mai zuge kanta takan tsinke. A 2010 kuma kamfanin ya yi shelar a mayar masa da kimanin 600,000 a Amurka, saboda gishirin da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara yana cinye igiyar ƙarfen da ke riƙe da tayar safaya a ƙarƙashin mota. 'Yar uwarta a fagen gasa, Honda Odyssey ta 1999 zuwa 2004, giyabos ne ya ɓata mata suna, har a 2004 aka yi shelar gyara shi. Ban kawo waɗannan don in kushe kowace ba; na kawo su don mai karatu ya ga cewa aibin kowane ƙira rubutacce ne, sananne, abin da aka sani kuwa ana iya tambaya a kansa, a duba, a sa masa farashi.

Akwai wani al'amari da ya cancanci a yi masa tadabburi. Sharan ɗin nan da muka jera wa laulayi, ita ce ta ɗauki nauyin hanyoyin Arewa shekaru masu yawa, daga Kano zuwa Abuja, daga Jos zuwa Bauci da Gombe, ana loda mata mutane fiye da kujerunta, ana tula mata kaya har but ba ya rufuwa sai an ɗaure da igiya, ta kwana a hanya ta wayi gari a hanya. Alhali kuwa Renault Espace, wadda ita ce ta buɗe wannan fage a Turai tun 1984, da wuya ka gan ta a titunanmu, wanda ya yi karambanin sayen irinta kuwa, ƙaramin ƙarfe ɗaya kan zaunar da shi makonni yana jiran saƙo. Dalilin a fili yake: kanikawanmu sun haddace Sharan ciki da waje, kayanta kuma na sabo da na Beljiyam suna jibge a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna da Ladipo ta Legas, har yaron gareji ma da jin kukanta ya san inda ke mata ciwo. Saboda haka amincin mota a ƙasarmu, rabinsa a jikin ƙarfenta yake, rabinsa a hannun bakaniken garinku. Sharaɗi na farko ke nan: mai niyyar saye ya fara da gareji kafin filin dillalai, ya tambayi bakaniken da ya amince da addininsa da aikinsa ko ya saba da wannan inji, ya kuma shiga kasuwar safaya da ƙafarsa ya ji kuɗin giyabos da lagireto da famfon mai da shakazoba, domin waɗannan su ne farashin motar na biyu, wanda dillali ba zai faɗa masa ba.

Amma aibin ƙira, ko da ya yi yawa, bai kai haɗarin aibin tarihi ba, watau abin da ya sami wannan motar da ke gabanka ita kaɗai, tun daga ranar da ta bar masana'anta har ranar da aka wanke ta aka shafa wa tayoyinta mai don ka gani. A nan ne shari'a ta riga mu magana. Malamanmu na Malikiyya, tun daga Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani da ake karantawa a zaurukanmu har zuwa Muhtasar na Halil, sun haramta algus da tadlisi da ɓoye aibi a cikin bai'i, sun wajabta wa mai sayarwa ya bayyana abin da ya san mai saye zai ƙi in ya sani, sun kuma ba mai saye hiyari na mayar da kaya idan ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa. Cewar da mai sayarwa kan yi wai ya barranta daga duk wani aibi ba ta wanke shi daga wanda ya sani ya yi shiru a kansa. Asalin wannan yana cikin Sunna, inda aka hana ɗaure hantsar dabba a tara mata nono kwanaki don mai saye ya zaci mai yawan nono ce, aka kuma ba wanda aka yi wa haka zaɓin ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i guda na dabino. Wanda ya juya agogon mota baya, ko ya ɗura wa injin da ya gaji baƙin mai mai kauri don ya daina ƙara na kwana biyu, ko ya cire ƙwan fitilar gargaɗi daga allon direba don kada ta tona masa asiri, ƙiyasinsa a kan wancan bai buƙatar dogon ijtihadi.

Motocin da ake kawowa daga Amurka suna da wata mas'ala ta daban. Da yawansu daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, irin su Copart da IAA, inda ake sayar da motocin da aka yanke wa hukuncin cewa gyaransu ya fi ƙimarsu, ko saboda haɗari ko saboda ambaliya. Guguwar Katrina ta 2005 da Sandy ta 2012 da Harvey ta 2017 da ta mamaye birnin Houston sun nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, motar da ta kwana a cikin ruwa kuwa, musamman ruwan gishiri, za ta iya tashi ta yi tafiya lafiya watanni, alhali tsatsa na cin mahaɗan wayoyinta a ɓoye, sai ranar da ta ga dama ta mutu a tsakiyar hanya, masu gyaran waya su yi ta lalube babu mai gane kanta. Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya zarge shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani. Fataken mota su yi wa kansu hisabi da wannan. Mai saye kuwa Allah ya hore masa abin da kakanninsa ba su samu ba, domin kusan kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake gani ta gilashin gaba ta ɓangaren direba, da ita kuma ana iya neman tarihin motar da ta fito daga Amurka ta intanet a kan kuɗi kaɗan, wani lokaci har da hotunanta na ranar gwanjo. Ya kuma sani cewa agogon motar Amurka da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuwa ya fi kilomita ɗaya da rabi, saboda haka in ya ga 150,000, to motar ta ci wajen kilomita 240,000, in ma ba a taɓa agogon ba ke nan.

Wadda aka mora a gida kuwa ba ta da wannan rajista, sai dai shaidar ido da ta mutane. Mafi wayon abin da ake yi shi ne a ɗauko Sharon ɗin da ta gama wahalar tasha, a yi mata fenti, a ɗinka wa kujerunta sabuwar riga, a ce ta wata Hajiya ce da ba ta fita da ita sai ranar Juma'a. Gani ya kori ji. Mai saye ya je da bakanikensa, ba na mai mota ba, ya kuma je da sassafe kafin a ɗumama injin, domin inji mai sanyi ba ya iya ƙarya: a tayar da shi a gabansa, a dubi launin hayaƙin salansa, shuɗi alamar ƙona baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa alamar ruwa na shiga inda bai kamata ba, a buɗe murfin baƙin mai a ga ko akwai dagwalo ko wani farin kumfa, a zaro ma'aunin man giya a shinshina ko yana ƙaurin ƙuna, a murɗa makulli a tabbata duk fitilun gargaɗi sun kama sa'an nan sun mutu bayan inji ya tashi, a jona na'urar bincike ta kwamfuta, a ɗaga shimfiɗar ƙasa, a zaro bel ɗin kujera har ƙarshensa, a nemi laka ko tsatsa ko warin ruma. Daga nan a hau da ita rami a dubi ƙarƙashinta, a nemi inda aka yi walda ko aka miƙar da shasi. Sa'an nan a fita da ita babban titi, a ɗauki mutane, a kunna na'urar sanyaya ɗaki gaba da baya, a yi tafiya mai nisa da rana tsaka ana kallon allurar zafi, ana sauraron yadda giya ke shiga. A ƙarshe a duba takardun kwastan da na mallaka, a gwada lambar da ke jikinsu da ta jikin mota. Duk mai motar da ya ƙi yarda da ɗaya daga cikin waɗannan, ya riga ya ba da amsa, a yi masa sallama da mutunci.

Idan binciken ya nuna cewa laifin motar na gilashi ne da makulli da na'urar sanyi da ƙofa mai zugewa, ko bel da lokacin canza shi ya yi, ko shakazoba da ta gaji, to waɗannan aibin aljihu ne, a lissafa kuɗinsu a cire daga farashi, a yi ciniki, Allah ya sa albarka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma idan shasi ne aka yanka aka haɗa, ko tsatsa ta cinye inda ƙafafu ke kamawa, ko motar ta sha ruwa, ko jakar iskar da ke tare mutum lokacin haɗari ta taɓa fashewa aka cusa tsumma a gurbinta aka rufe, ko bel ɗin kujerun baya, inda yara ke zama, ba sa kamawa, to wannan aibin rai ne, ba ya shiga ciniki. Haka nan giyar da ke zamewa da injin da ke ɗaukar zafi, ko da yake a zahiri aibin aljihu ne, a hanyoyinmu suna komawa aibin rai, domin tsakanin Kano da Maiduguri kusan kilomita 600 ne, akwai kuma hanyoyi a Arewa waɗanda kowa ya san ba a son magariba ta riski mutum a kansu, balle a ce yana tsaye a gefen daji da murfin inji a buɗe, da mata da ƙananan yara a bayansa. Iyali amana ce, za a kuma tambayi kowane makiyayi game da abin da aka ba shi kiwo. Kawar da mafsada kuwa, a ƙa'idar malamai, ana gabatar da shi a kan jawo maslaha.

Sharaɗi na gaba shi ne na guzuri. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya tattara duk abin da ya mallaka, ya haɗa da adashi da rance, ya zube a hannun dillali, ya shigo gida da mota da aljihu wayam, sai gyara na farko ya durƙusar da shi, motar ta zama abin ado a ƙofar gida. A ra'ayina, wanda ba zai iya ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa ya ajiye ba, bai isa sayen wannan motar ba tukuna, ya nemi wadda ta fi ta araha ko ya ƙara haƙuri. Da wannan ajiya ne zai canza bel da famfon ruwa, da baƙin mai da man giya da man birki, da tayoyi, tun a makon farko, ba tare da ya gaskata cewa mai ita na da ya yi ba. Taya tana da ranar haihuwa a jikinta, alƙaluma huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyin gwanjo, waɗanda kan fashe a kan kwalta mai zafi a watan Afrilu. Sai kuma mai. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a garuruwa da dama kafin ƙarshen 2024, injin silinda shida kuwa ba ya azumi.

Wannan ya kawo mu ga hujjar masu cewa kada a saya sam, hujjar da ban ga adalci a yi watsi da ita ba. Suna cewa mutumin da bai tara iyalinsa a mota ɗaya sai a Salla ƙarama da babba da biki biyu ko uku a shekara, ya fi masa sauƙi ya ɗauki shatar mota a waɗannan ranaku, ya ci gaba da zirga-zirgar yau da kullum da ƙaramar motarsa, maimakon ya riƙa jan kujeru bakwai babu kowa a kansu zuwa ofis kullum. Gaskiyarsu, ga wanda halinsa ke nan. Sayenta a wurinsa ya fi kusa da israfi, in ma ba a ce alfahari ne ya ja shi ba, ya kamata kuma ya yi wa zuciyarsa tambaya tsakaninsa da Allah. Amma ga wanda kullum safiya yake kai yara biyar ko shida makarantar boko, da yamma Islamiyya, ga tsohuwa a gida da ake kaiwa asibiti, ga uwargida da harkokinta, to buƙatarsa ta kusa kaiwa larura, cusa yara bakwai a kujerar mutum uku ko ɗora huɗu a kan babur kuwa shi ma haɗari ne, wanda sabo ya sa muka daina ganinsa. Irin wannan magidanci ya zauna da uwargida su yi lissafin abin da suke kashewa a kan Keke Napep da shata a wata, su gwada da na mai da gyara, domin ita ce ta fi sanin yawan fitar gidan, ita ce kuma za ta fi shan wahala ranar da motar ta tsaya.

Wajibi ne kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, cewa rabin baƙin sunan da waɗannan motoci suka yi, mu muka jawo musu. Mota na shigowa hannunmu sai a cire mata na'urar daidaita zafin ruwa wai ƙasarmu ba ta sanyi, a haɗa fanka kai tsaye, a riƙa ɗura wa lagireto ruwan rijiya maimakon ruwan da aka yi dominsa, har tsatsa da gishiri su toshe shi; a sayi baƙin mai na awo a bakin titi wanda ba a san asalinsa ba; a bar matatar iska ta cika da ƙurar hunturu; a riƙa tafiya da ɗigon mai a tanki har famfo ya ƙone; fitilar gargaɗi ta kama a liƙe ta da baƙin salatif. In injin ya buga kuma sai a ce ƙirar ce ba ta da kyau. Mota mai aibi sananne a hannun mai kula ta fi daɗewa a kan mota mai kyakkyawan suna a hannun mai sakaci, wannan kuwa kowane bakanike zai shaida.

Wani zai ce duk wannan dogon bincike na mene ne, alhali abin da Allah ya ƙaddara ba makawa sai ya auku. Amsa ita ce riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, bal ma sharaɗinsa ne, shi ya sa aka umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sa'an nan ya dogara. Istihara ma malamai sun ce a haɗa ta da shawarar masana. Saboda haka hukuncin da na tsaya a kai shi ne, magidancin da buƙatarsa ta tabbata, ya sami mota wadda kanikawan garinsu suka sani, kayanta na kasuwa, tarihinta ya fito fili, aibinta bai taɓa shasi da birki da giya da zafin inji ba, ya kuma rage kuɗin gyara a hannunsa, ya saya ba tare da waswasi ba, ko da majalisa ta ce ƙirar tana da laulayi. Wanda ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace masa kuwa, ya riƙe kuɗinsa, domin mota ba ta ƙarewa a kasuwa. Ga dillalai da fataken mota, waɗanda da yawansu mutanen kirki ne masu neman halal, ina ba da shawarar ƙungiyoyinsu su mayar da shi al'ada a rubuta aibin kowace mota a takardar ciniki a gaban shaidu, a kuma ba mai saye hiyarin kwana biyu ko uku ya gwada, domin haka zai rage shari'u a gaban alƙalai, ya kuma sa a riƙa neman mai gaskiya da suna. Allah ya ba mu abin hawa mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, amin.